Gwaggo da Lambunta na Turu

Ranar da muka zauna makokin Gwaggo a Jugu, an yi ta yabon ta da halin da ba nata ba har kunnena ya gaji.

A Paraku ta rasu, a can aka yi mata sutura, amma zaman makoki sai a gidan kakanninmu, haka al'adar gidan take. Mata na shigowa ƙungiya-ƙungiya, kowace ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta, baiwar Allah mai sanyin hali." Ina amsawa da amin, idona na kan tabarma. Wata tsohuwa daga dangin kakarmu har ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa jin Gwaggo ta ɗaga murya ba. Saura ƙiris in yi dariya a gidan mutuwa. In Gwaggo ta tashi faɗa, masu zem, wato 'yan acaɓa, da ke wucewa a bakin titi sai sun rage gudu sun leƙo.

Da rana ta yi tsaka, aka gaji da addu'a, sai abin da ke cikin zukata ya soma fitowa ƙasa-ƙasa. Na ji wata ta ce, "Ba ɗa, ba jika." Ta kusa da ita ta amsa, "Mace da iliminta, 'yar babban gida, ta ƙare cikin taɓo da 'ya'yan mutane." A zaure kuma, wajen maza, an gaya mini abokan Baffa, ƙanenta, cewa suke yi yanzu dai filin nan nata na Turu zai samu mai amfani da shi.

Can wajen la'asar wani mutum ya iso a kan babur, da rigar masu zem a jikinsa, tun daga Paraku. Babu wanda ya san shi a gidan. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya yi gaisuwa, ya buɗe baki zai yi addu'a sai kuka ya ci ƙarfinsa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ita ta fara ɗora mini tana a tafin hannu." Dattawa suka dubi juna. Aka miƙa masa goro, aka ce Allah ya ba da lada, ya hau babur ɗinsa ya koma. Bayan tafiyarsa Baffa ya aiko a tambaye ni ko mutumin yana da cikakken hankali.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a binne ta sau biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a cikin yabon ƙarya.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Da ya rasu ina ƙarama, ita ta ɗauke ni daga Jugu ta kawo ni Paraku, a hannunta na girma har na koyi ɗinki na buɗe shago. Mijinta ya riga ta tafiya da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba. Aikinta koyarwa ne a wata lakwal, wato makarantar boko, ta unguwar Gar, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yawancin yaran 'ya'yan direbobi ne da 'yan dako da masu sayar da abinci. Ƙananan azuzuwa take riƙewa, waɗanda ba su daɗe da barin bayan uwa ba. Kowa Metires yake ce mata, wato malama da Faransanci, har iyayen.

Ta sha ba ni labarin yadda abin ya fara. Wata rana ta ɗaga albasa a aji ta ce, "Daga ina wannan take fitowa?" Yara suka haɗa baki suka ce, "Daga kamiyo!" Ta ɗauka wasa suke yi. Ta sake tambaya, wata yarinya ta miƙe ta gyara musu, ta ce a'a, daga buhu take fitowa, buhun ne ake saukewa daga kamiyo, wato babbar motar kaya. Ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ke gani ke nan kullum a tasha. Gwaggo ta ce ranar ko abinci kasa ci ta yi don haushi.

Tana da fili a Turu, can bakin gari, wanda ta saya tun wurin yana daji. Kowa ya zaci gida za ta gina ta zuba 'yan haya. Sai ta kewaye shi da shinge, ta sa aka haƙa rijiya, ta ja fangali, ta shuka rama da yakuwa da kuɓewa da alayyafo, ta yi kunyoyin doya a gefe, ta bar mangwaro da kaɗanya da ta tarar a wurin. Ta soma kai ajinta ranar Alhamis da safe. Da ta aje aiki, maimakon abin ya tsaya sai ya ƙaru, malaman wasu makarantu suka riƙa kawo nasu yaran.

Ni na san yadda safiyar Alhamis take, don ni ke jan ruwa kafin su iso. Za ka hango su tafe a jere biyu-biyu cikin kakinsu, kowane da gorar ruwa a wuya. Gwaggo na tsaye a ƙofar shinge, zani ɗaure a ƙugu, hannu a kunkumi. Maganarta ta farko ba ta canzawa: "A cire takalma. Ƙasa ba ta cizo." Wasu su yi ta ɗaga ƙafa kamar an ɗora su a kan garwashi. Kafin a jima sai ka ga sun manta, suna tsoma yatsun ƙafa cikin danshi suna ƙyalƙyata dariya.

Kalmar da ta tsana ita ce ciyawa. Yaro ya nuna tsiro ya ce ciyawa ce, sai ta tsuke fuska. "Kai ma in ce maka yaro kawai, ka ji daɗi? Ba ka da suna?" Za ta faɗa masa sunan da Hausa, ta faɗa da Faransanci in ta sani, sannan ta ce ya tsinki ganye ɗaya ya kai wa kakarsa, ya dawo da sunan da Barganci ko Dandanci ko Fulatanci. Ta haka tsofaffi da yawa a Gar suka san ta tun ba su gan ta ba. Wata ma ta biyo jikanta har lambun don ta gaya wa Metires cewa sunan da ta bayar ba daidai ba ne. Suka yi ta musu a gindin mangwaro, ƙarshe Gwaggo ta yarda, ta cika wa tsohuwar kwando da yakuwa.

Ba a kashe komai a lambunta sai da dalili. Yaron da ya ɗauki dutse zai jefi ƙadangare, sai ya tsaya ya bayyana wa aji laifin da ƙadangaren ya yi masa. Hawainiya kuwa, da yara ke gudu in sun gan ta don abin da suke ji a gida, Gwaggo kan ɗora ta a kafaɗa ta ci gaba da magana kamar ba komai, har sai mai ƙarfin hali a cikinsu ya matso ya taɓa.

Tana da tsauri, ban ɓoye ba. Amma akwai abin da na gani da ba na mantawa. Kowane yaro takan ba shi gwangwani da ƙwayar wake ya shuka, ya kai lakwal ya kula da shi, ya dawo da shi bayan 'yan makonni. Wata Alhamis kowa ya dawo da tsironsa kore shar, sai wata 'yar siririyar yarinya, nata ba komai sai ƙasa jiƙaƙƙiya. Ta ɓoye gwangwanin a bayanta. Malamar ajin, wata matashiya mai tausayi, ta raɗa wa Gwaggo cewa bari ta ciro wani tsiron a fangali ta dasa mata a ɓoye.

Gwaggo ta ce, "Ba a yi wa yaro ƙarya a lambuna."

Ta kira yarinyar, suka zauna a ƙasa su biyu, suka juye gwangwanin. Ga waken ya ruɓe. Ta tambaye ta sau nawa take ba shi ruwa. Yarinyar ta ce duk lokacin da ta sha, sai ta raba biyu da shi, don kar ya ji ƙishi.

Gwaggo ta jawo ta jikinta. Ta ce, "To kin ji abin da ya kashe shi. Ba mugunta ba ce, so ne ya yi masa yawa. Ni ma na kashe da yawa haka." Ta ba ta sabon iri, ta huda mata gindin gwangwanin da ƙusa, ta ce wannan karon sai ta taɓa ƙasar ta ji ta bushe. Ta kuma sa ta zagaya ta nuna wa sauran yara ruɓaɓɓen waken, tana yi musu bayani, har suka riƙa yi mata kallon wadda ta san abin da ba su sani ba.

Faɗanta da Baffa kuwa ya girme ni. Baffa ƙanenta ne, shi ke riƙe da gidan Jugu, ɗan kasuwa ne mai motoci. Gidanmu gidan fatake ne, kakanninmu da fataucin goro suka zo garin suka zauna, kuma Baffa ba ya gajiya da tuna wa mutane haka. Wata Sallah da muka je, ya tare ta a gaban jama'a.

Ya ce, "Yaya, mu jikokin fatake ne. A gidan nan ba a taɓa duƙawa da fartanya ba. Kin sa ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga ƙanen mai lambu."

Ta aje kofin da ke hannunta. "Alhaji, goron da kakanka ya yi fatauci da shi, daga sama ya faɗo cikin huhu? Wani ne ya duƙa ya shuka. Kai ka ci gumin mai duƙawa har ka yi tumbi, yanzu kunyarsa kake ji?"

Baffa ya tashi ya shige ɗaki. Da muka dawo Paraku, don ta ƙara masa haushi ko don ta gamsar da kanta, sai ta nemo ɗan itacen goro daga kudu ta dasa. Ƙasarmu ba ta goro ba ce, rani na yi ya bushe. Ta sake nemo wani. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ba ta tuge busasshen ba, takan tsayar da yara a gabansa ta ce, "Ku duba da kyau. Na so, na yi ƙoƙari, ƙasa ta ce a'a. Ita ma tana da magana."

Babbar jarrabawar da ta same ta ita ce ta zuma. Tana da amya biyu a bayan kaɗanya, yara na kallo daga nesa. Wata rana ƙudan zuma ya harbi wata yarinya a wuya. Harbi ɗaya ne, amma nan da nan fuskarta ta kumbura, numfashinta ya soma sarƙewa. Ina wurin. Gwaggo, da shekarunta, ta saɓe ta a kafaɗa ta fita da gudu ba takalmi, ta tare mai zem a tsakiyar titi. Allah ya sa suka isa asibiti a kan lokaci, yarinyar ta tashi.

Washegari unguwa ta ɗauka. Iyaye maza suka cika ofishin direktan lakwal, wasu na cewa dama sun gaji da wanke kaki mai taɓo, wasu na cewa sun sa 'ya'yansu karatu ne don su zama ma'aikata, ba manoma ba. Direktan ya hana fita, sauran makarantu suka bi. Ni kaina na ce mata, "Gwaggo, ki ƙone amyar nan kowa ya huta."

Ta ce, "In ƙone su, wa zai yi wa kuɓewata aure?"

Amma ba ta ce ba ta da laifi ba. Ta samo wani mai kiwon zuma ya mayar da amyar can ƙarshen fili, ta sa aka yi musu shinge na daban. Ta je asibiti ta zauna da wata ma'aikaciyar jinya ta koyi abin da ake yi in haka ta sake faruwa. Sannan ta ɗaura mayafi ta bi gidajen iyayen ɗaya bayan ɗaya, ta fara da gidan yarinyar. A can ta durƙusa ta ba da haƙuri. A sauran gidajen kuwa ba haƙuri ta je bayarwa ba. Wani mai motoci ya ce mata lambu wurin haɗari ne, ta ce, "Ɗanka a ƙarƙashin kamiyo yake wasa kullum, tsakanin taya da baƙin mai. Ka taɓa hana shi?"

Duk da haka Alhamis ta yi ta zuwa tana wucewa, ba yaro ko ɗaya. Sai ta ce tunda an hana yara zuwa lambu, ba a hana lambu zuwa wurin yara ba. Muka riƙa cika daro da ƙasa da tsirrai da tana, mu ɗora a zem, ta zauna a bakin ƙofar lakwal lokacin tashi. Yara su yanyame ta, direktan na leƙe ta taga, ba abin da zai iya cewa, don titi ba nasa ba ne. Haka ta yi har damina ta wuce. Wadda ta karya abin ita ce uwar yarinyar da zuma ya harba. Ta riƙo hannun 'yarta wata safiya har ƙofar shinge, ta ce, "Metires, ta hana ni barci. Ga ta nan." Daga nan sauran suka dawo kaɗan-kaɗan.

A shekarunta na ƙarshe gwiwoyi suka ƙi. Sai a aje mata kujera a gindin mangwaro, tana nuni da sanda, ni ina zagayawa da yaran, tana gyara mini daga nesa da ƙarfin murya. Na riƙa rufe shagona duk safiyar Alhamis, masu kawo ɗinki suka saba. Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Ana cikin damina, kuɓewa ta fara fure. A gadon asibiti, abin da ta tambaye ni na ƙarshe da hankalinta shi ne ko an ɗaure tumatir, don iska za ta kwantar da shi.

Kafin mu baro Jugu, Baffa ya kira ni ya ce a rufe lambun da kwaɗo har a raba gado. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba. Akwai ajin da aka riga aka yi wa alkawari, kuma mabuɗi na hannuna. Ranar Alhamis na buɗe. Ta gaba ma na buɗe. Labari ya kai masa, ya kira ni a waya.

"Ke, da izinin wa?"

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Tsiro ba ya jiran rabon gado, in ba a ba shi ruwa ba mutuwa zai yi. Yaran kuma ba ni na kira su ba, ita ta kira su."

"Kin san ba ki da ko taku ɗaya a filin nan?"

"Na sani."

Gaskiyarsa ce. Mahaifina ya riga ta rasuwa, ni ba magajiya ba ce. Magada biyu ne, Baffa da autarsu, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama. Ita mace ce mai shiru, a Jugu take aure, tun da nake ban taɓa jin ta musa wa Baffa ko a kan gishirin miya ba. Shi ya sa bai ma tambaye ta ba, ya riga ya shirya da abokansa cewa za a share filin a yi wurin kwanan manyan motoci.

Bayan sadakar arba'in aka zauna da liman. Aka ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Baffa ya fara bayanin yadda za a haɗa duka a yi aiki ɗaya, sai Gwaggo Ƙarama ta yi gyaran murya daga bayan labule.

"A auna mini nawa daban."

Baffa ya juya. "Me kika ce?"

"A auna mini nawa, Yaya. Ɓangaren rijiya da mangwaro nake so."

"Me za ki yi da rijiya, ke da ba ki taɓa riƙe fartanya ba?"

Ta ce, "Ba ni zan riƙe ba."

Aka yi ta lallashi, aka yi ta faɗa, ta tsaya a kan bakanta. Liman ya ce haƙƙinta ne. Daga baya, da muka keɓe, na tambaye ta dalili. Ta ce lokacin da aka so cire ta daga lakwal tana ƙarama, Gwaggo ce ta tsaya a tsakar gida ta yi ta ihu har aka bar ta ta gama. Ta ce, "Ni ban iya ihu ba. Wannan ne nawa."

Ba zan ce mun ci nasara ba. Kashi biyu cikin uku ya tafi. Kafin katafila ta zo, na aika wa makarantu da iyaye, suka zo da darurruka da bokitai, yara da uwayensu, muka tone duk abin da zai tonu muka tsallaka da shi ɓangarenmu. Mai kiwon zuman nan ya zo ya kwashe amyar zuwa ƙauye. Kaɗanyar ba ta tonuwa. Ina tsaye aka kayar da ita, ban kuma kau da kai ba, don ina so in iya gaya wa yaran yadda aka yi in sun tambaya.

Yanzu katangar bulo ce tsakaninmu. Can ƙarar injuna da warin mai, nan fangali ƙanana a matse, yara na bin juna a hankali don kar su taka. Amma ba Alhamis da ta wuce ba a buɗe ba, kuma makarantun da ke jiran layi sun fi na da yawa.

Watan jiya Baffa ya zo duba motocinsa. Tun rabon gadon bai yi mini magana ba. Ina jan ruwa na ga inuwarsa a ƙofar shinge. Na saki guga na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Ya daɗe yana kallon yaran, sun duƙa a kan kunyar doya, duwawunsu duk jar ƙasa.

Ya ce, "Wurin nan ya yi miki kaɗan. Hayaƙi zai kashe miki rabi. Har yaushe za ki ci gaba da wannan taurin kai?"

Na ce, "Har sai rijiyar ta ƙafe, Baffa."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya samu abin jira, ya juya zai tafi.

Na ce, "Bana ma na sa an ƙara mata zurfi."

Ya Allah, ka san baiwarka fiye da yadda muka san ta. Ka yafe mata zafin bakinta, ka karɓi aikin hannunta, ka sanyaya ƙasar da take kwance a ciki. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ƙarfin jan guga.